Abin da Inna Ta Ji a Kujerar Baya

Malam Birki mai koyar da tuƙi ne, kuma ɗalibansa ne suka raɗa masa sunan. Motarsa birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar mai koyo, ɗaya a tasa, kuma tun da ya fara wannan aiki ƙafarsa ta dama ba ta taɓa yarda da kowa ba. Ko motar haya ya shiga ya zauna a gaba, za ka ga yana taka ƙasa in an zo kwana. Matarsa ta ce har a barci yana yi, wai ta gaji da shan shuri saboda akuyar da ke tsallaka titi a mafarkinsa.

Makarantar tuƙin ba ta wuce shi da motar ba, sai wani jan allo da ya ɗaure a kan rufinta. Gajere ne mai sanƙo, mai tsabta, kullum da alawa a aljihun ƙofa saboda ɗaliban da hannunsu ke rawa. Abin da yake samu na rufin asiri ne: a ci, a biya haya, a zuba mai, a canja taya in ta suɗe. Shi ne auta a gidansu, kuma a wurinsa Inna take zaune, a ɗakin da ke kusa da kicin.

Su biyu Inna ta haifa, shi da Yaya. Bayan rasuwar mahaifinsu, Yaya ya sayar da shagon kafinta da tsohon ya bari, har da zarto da guduma da bencin da Inna kan zauna in ta kai abinci, bai shawarci kowa ba. Ya ja jari ya shiga sayar da kayan gini, kuma abin haushi, kasuwa ta karɓe shi. Inna ta ce daga ranar ko ruwa aka saya da kuɗinsa ba za ta sha ba, kuma kada ya sake tako mata ƙofa. Mutane suka ce fushin uwa ne, zai wuce. Ba su san Inna ba. Malam Birki kan ce ya koya wa mutane iri-iri tuƙi, amma bai taɓa ganin motar da aka ƙera babu ribas ba sai uwarsa.

Shekaru suka ja, sai jikin Inna ya fara magana. Suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwa ma ta ce a sa da ita. Ranar da Malam Birki ya ji kuɗin maganin wata guda a kemis, sai da ya nemi kujera. A makon ne Yaya ya tare shi a wurin wankin mota, ya ja shi gefe ya danƙa masa ambulan mai kauri. Ya ce ya ji komai, kuma zai riƙa bayarwa duk wata, sharaɗi ɗaya ne: kada tsohuwa ta sani, don in ta sani za ta watsar da maganin a kwata.

An yi dace a lokacin banki ya ba Malam Birki katin bashi, irin wanda za ka kashe yau ka biya ƙarshen wata. Wata ma'aikaciyarsu ce da ya koya wa tuƙi ta matsa masa, ta ce duk abin da ya saya zai tara maki, makin kuma a ba shi mai da shi. Mai koyar da tuƙi ka ce masa mai kyauta, ai ka gama da shi. Sai tsari ya zauna daram: ya goga kati a kemis, ƙarshen wata Yaya ya kawo ambulan, ya kai banki ya share bashin. Inna da idonta take ganin yana miƙa katin, ga sunansa a jiki da manyan baƙaƙe, kuma a wurinta abin da ke da sunan mutum nasa ne.

Duk ranar da ya shigo da ledar magani, sai ta kira shi ya durƙusa, ta ɗora tafinta a tsakiyar sanƙon nan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Da fari kunya yake ji har kunnensa ya yi zafi. Daga baya kunyar ta ragu. Daga baya kuma, gaskiya dai a faɗe ta, ya fara jin daɗi. Inna ta cika maƙwabta da labarin ɗanta mai ƙaramar mota da babbar zuciya, shi kuma ya koyi yadda ake zaro kati da yatsa biyu, ya koyi cewa mai kemis, "Ba wannan ba, kawo mai kyaun." Har ya kai yana ce wa matarsa, wadda ta san komai, ai ta san nauyin Inna duk a kansa yake. Ita dai sai ta dube shi ta ci gaba da yankan albasa. Sau ɗaya ta ce masa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ya yi kamar da rediyo take.

Shekarar da ake magana a kanta, katin ya sha wuya. An yi wa Inna aikin ido, aka yanka mata tabarau. Aka sayo ƙaramin firji saboda allurar suga, da katifa ta masu ciwon baya, da fanka mai caji don in an ɗauke wuta. Malam Birki ya tara makin da ya yi wata da watanni bai sayi mai da kuɗinsa ba, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa wani yana kallo ba.

Da lokacin cike takardar haraji ya zo, ya tattara takardunsa a leda kamar kullum ya miƙa wa Akanta. Akanta ɗalibinsa ne, wani mai tabarau, kuma ya fi kowa daɗewa a makarantar. Mutum ne da zai haɗa maka lissafin kamfani a ka, amma ka ce masa ya yi hagu sai ya duba hannun da agogo yake. Sun yi yarjejeniya tun tuni: Akanta ya riƙa cike masa haraji, shi kuma ya riƙa koya masa tuƙi har Allah ya kawo ranar da zai iya. Kowannensu yana ganin shi aka cuta.

Ranar da abin ya faru, lokacin Akanta ya haɗu da ranar ganin likitan Inna. Malam Birki ba ya son asarar mai, sai ya ce a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, Akanta ya tuƙa su asibiti. Aka sa Inna a kujerar baya. Tun tashin farko, da motar ta yi tsalle ta mutu, ta sake yin tsalle, Inna ta rufe ido ta kama salati a zuci. Akanta ya leƙa madubi, abin da ba ya yi in ana bukata, ya ga idonta a rufe, ya ɗauka barci take.

"Malam, na duba takardunka," in ji shi. "Akwai matsala."

"Dubi gabanka. Sa giya ta biyu."

"Abin da ka kashe da katin nan bara ya ninka abin da ka ce kana samu, har ya ɗora. Kuma banki yana kai wa hukumar haraji rahoto in kashe kuɗi ya yi yawa haka. Za su ajiye wannan kusa da wancan su tambaye ka. Ni ma tambayar da zan yi maka ke nan. Ina ka samo kuɗin?"

Babu komai a gabansu, titi fayau, ko kaza babu. Malam Birki ya taka birkinsa da ƙarfin da sai da allon kan rufi ya zamo. Akanta ya daki sitiyari da ƙirji ya ce me ya yi kuma. Malam Birki ya ce laifinsa ya yi magana yana tuƙi. Ya saci kallon madubin gefe, ya ga idon Inna a buɗe tar, ta cikin sabon tabarau.

Aka ga likita, aka dawo da Inna gida. Shi kuwa da ya sauke ta ya bi Akanta har ofis ya rufe ƙofa ya faɗa masa gaskiya. Akanta ya yi dariya ya ce to ai da sauƙi, Yaya ya sa hannu cewa shi ke bayarwa don jinyar uwarsu, a haɗa da rasit na kemis da na asibiti, a ajiye, in an tambaya a nuna. Malam Birki ya murza makullin mota a hannunsa. Sannan ya yi tambayar da Akanta ya ce bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki: in ya rubuta cewa shi ya samu kuɗin da guminsa, nawa zai biya?

Wato mutumin ya gwammace ya biya harajin kuɗin da ba nasa ba, don ita ma hukuma ta shiga sahun masu cewa shi ke riƙe da Inna. Akanta ya danna kwamfuta ya juyo masa da ita. Malam Birki ya duba, ya ga in ya yi haka sai dai ya riƙa koyar da tuƙi a kan keke. Akanta ya ƙara da cewa kuma ƙarya ce, shi ba ya sa hannu a ƙarya, ko wadda ke ƙara wa hukuma kuɗi.

A gida kuwa Inna ta zauna ta yi nata lissafin, kuma ba za ka ce ba ta da hujja ba. Ta sha jin ana cewa akwai masu koyar da tuƙi da ke karɓar na goro su nemo wa mutum lasin ko bai san birki da totur ba. Ga ɗanta yana kashe abin da ya fi samunsa. Ga hukuma tana nemansa. Ga kuma shaida da ta gani da idonta, ta ji a ƙashin bayanta: wannan mai tabarau da ya kusa kai su lahira, wanda kuma ya san sirrin kuɗin. Ruwa ba ya tsami banza. Ta kammala cewa Auta yana sakin makasa a kan titi, ita kuma tana kwance a kan katifar da aka saya da jinin mutane.

Washegari da safe matar Malam Birki ta same ta a kan tabarma a ƙasa, katifa a jingine da bango. Ta zare wa firji waya. Ta naɗe tabarau a cikin hankici, tana laluben bango zuwa banɗaki. Da aka kawo magani ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Da ya durƙusa gaishe ta, ta amsa, amma hannunta bai tashi daga cinyarta ba.

Ya gwada dabara. Ya ce mata maki ne, banki ke ba shi maki, da maki yake sayen komai. Ta ce shi da ko a makaranta bai taɓa kawo maki mai yawa ba, yanzu da sanƙo zai fara? Ya ce ɗalibai sun ƙaru. Ta ce mota ɗaya ce dai, kuma rana ba ta ƙara tsawo ba.

Ya buga wa Yaya waya daga cikin mota. Yaya ya ce sa hannu ba komai ba ne, a kawo takarda ko yanzu, shi harajinsa a biye yake. Amma maganar faɗa wa tsohuwa, kul. Ya ce in ta ɗauka kuɗin cin hanci ne ba za ta sha magani ba, in ta san nasa ne ma ba za ta sha ba, to gara a nemo wata ƙarya ta uku. Malam Birki ya ce ya nema, sun ƙare. Muryar Yaya ta canja ya ce, "Auta, ni ban damu ta yafe mini ba. Ta rayu kawai." Ya kashe wayar.

Malam Birki ya zauna a motar ya daɗe. Shekaru yana karɓar ambulan daga hannun mutumin nan, bai taɓa tambayarsa yadda yake ji ba. Shi abin da ke cin sa, in za a tona, ba hukuma ba ce kuma ba ƙaryar ba ce. Hannun nan ne a kan sanƙonsa. Yana tsoron in gaskiya ta fito ya koma abin da yake tun farko, ƙaramin ɗa mai ƙaramar mota, wanda bai iya sayen allurar uwarsa ba.

Kafin ya gama tsoronsa jikin Inna ya fara nunawa. Ƙishirwa ta dame ta, ta yi jiri a ƙofar kicin sai da surukarta ta tare ta. Matar Malam Birki ta same shi yana goge gilashin mota ta ce masa, a hankali don kada yara su ji, in bai faɗa ba yau ita za ta faɗa, kuma ita ba za ta sa masa gishiri ba.

Da ya shiga falo ya tarar Inna ta sa jikoki sun jawo komai tsakiyar ɗaki. Ga katifa, ga firji, ga fanka, ga ledar magani a sama an ɗaure bakinta. Tana zaune a gefe da mayafinta, shirin fita.

"Ɗauki ka kai wa hukuma kayanta," ta ce. "Ni ma ka tafi da ni. Zan ce musu saboda ni ka yi, ko za su sassauta maka."

Wannan ce ta karya shi. Ta ɗauke shi ɓarawo, kuma ta shirya ta je ta tsaya a gabansa. Ya kori yara, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Inna, ban taɓa sayar da lasin ba. Mai tabarau ɗin nan da kika gani, shekara nawa yana roƙona, ban bar shi ya je gwaji ba."

"To kuɗin wa na ci?"

"Na Yaya."

Ya ba ta labari tun daga wurin wankin mota. Ta tambaye shi aikin ido, ya ce Yaya. Firji, Yaya. Katifa, Yaya. Ta ce allurar farko fa, ta ranar da ta faɗi? Ya ce ita ma. Ta ce to shi me ya yi a ciki? Ya ce shi ya goga kati. Ya jira ta ce a zuba maganin a kwata, ko ta ce shi ma ya fita mata daga ido.

Inna ta daɗe tana kallon tulin kayan, ko da yake babu tabarau, ba lallai tana ganinsu ba. Can ta ce ita dai ta yi rantsuwa kan ruwa, ga shi ashe har idon da take gani da shi na yaron nan ne, jinin da ke yawo a jikinta ma shi ke lallashinsa. Ta ce wanda ya ci ya ƙoshi ya sha ruwa ba ya cewa yana azumi. Ta miƙa hannu, ba kansa ba, wajen ledar. Surukarta, wadda ke laɓe a bakin kicin, ta riga ta zo da kofi.

Bayan an yi mata allura ta warware hankici ta maƙala tabarau. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ƙaryar dai ta yafe, don ta san dalilinta. Abin da ba ta san yadda za a yi da shi ba shi ne albarkar shekara da shekaru da ya karɓa ya yi shiru, alhali ɗan aike ne. Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya ɗauko makulli, kuma shi zai tuƙa, ba wancan ba.

Shagon Yaya yana bakin babban titi, buhunan siminti a jere, rodi a zube, ƙura ko'ina. Malam Birki ya tsaya a gefe ya yi oda. Yaya ya fito yana goge hannu a riga, ya ɗauka takardar haraji aka kawo, har ya zaro biro daga aljihu. Sai ya ga wadda ke kujerar baya. Ya tsaya cak a tsakiyar rana, ƙaton mutum da tumbi, biro a hannu.

Inna ta sauke gilashi ta ƙare masa kallo. Rabonta da shi tun gashinsa baƙi wuluk.

"Yaushe ka yi furfura?" ta ce. "Wa ka tambaya?"

Yaya ya matso kusa da motar. Ta matsa gefe ta buɗe masa ƙofa. Ya shigo ya zauna a takure kamar ɗalibi ranar farko, ƙurar siminti tana zuba a kujerar da Malam Birki ba ya bari ko yaransa su ci biskit a kanta. Inna ta ce a ja a je gida.

Malam Birki ya tayar da mota ya hau titi. Da ya ɗaga ido ya duba madubi, sai ya ga tafin Inna a tsakiyar kan Yaya, leɓenta yana motsi, Yaya kuma ya dunƙule yana kuka ba sauti. Kishi ya soke shi, ba zai ɓoye ba. A tare da shi kuma ya ji wani sauƙi da ya manta akwai irinsa, kamar an sauke masa buhu daga ka. Idonsa ya cika, titin ya fara rawa, amma ya kasa ɗauke kai daga madubin.

Inna ba ta ko waiwayo ba.

"Kai Auta, dubi gabanka," ta ce. "Kada ka kashe mu yau da nake da 'ya'ya biyu."